Inda ake ajiye maharba a wasan Warhammer: abin da dokar harbi ta ce

Warhammer wasan yaƙi ne da ake bugawa a kan teburi da ƙananan mutum-mutumi, kamfanin Games Workshop na Ingila ne ya fito da shi a 1983. Akwai mahaya, dakaru, dodanni, matsafa da maharba, ƙwayar lido mai fuska shida kuma ita ke raba gardama. Dokokin da zan warware na bugu na takwas ne, na 2010. Wanda ya fito a 2024 da sunan The Old World tsarinsa daban ne, kada a cakuɗa.

Abin da ke ci mini rai shi ne yadda sabon ɗan wasa ke ɗora wa ƙwaya laifi idan maharbansa ba su tsinana komai ba, alhali tun wajen jan daga ya yi ɓarnar.

A fara da awo. A jan daga na yau da kullum, kowane ɓangare yana ja da baya inci 12 daga layin tsakiya, wato inci 24 ke tsakaninku. Baka na gama-gari kuwa inci 24 yake kaiwa cif. Ka ga ke nan idan ka ajiye maharbanka can baya don tsoro, kuma kai ne ka fara wasa, kibiya ba za ta isa kowa ba. Dogon baka da baka mai kunama suna kai inci 30, su suna da ɗan sarari. Wannan bugun ya yarda ka auna da tef duk lokacin da ka ga dama, don haka auna kafin ka ajiye.

Maharbi mai ƙwarewar harbi 3 (lambar da doka ta ba shi ta iya harbi) yana samun abin da ya auna idan ƙwaya ta nuna 4 ko sama. Idan abokin gaba ya wuce rabin nisan da makamin ke kaiwa, sai 5. Idan ga nisa, kuma maharban sun motsa a zagayen, sai 6. Masu baka mai kunama da 'yan bindiga nasu ya fi tsanani: in sun taka, babu harbi sam a wannan zagayen. Duk inda ka dasa su, nan ne gidansu.

Sai batun sahu, wanda nan ne aka fi tafka kuskure. Sahu biyu na gaba ne kawai ke harbi. Ɗauki masu baka mai kunama 20. Ka jera su goma-goma sahu biyu, duk ashirin ɗin za su saki kibiya, a nesa ka sa ran wajen bakwai su samu. Ka jera su biyar-biyar sahu huɗu, goma ne za su harba, sauran goman 'yan kallo ne. 'Yan baka na gama-gari an yi musu rangwame: in ba su motsa ba, rabin waɗanda ke sahu na uku zuwa baya suna cilla kibau ta saman kawunan 'yan uwansu, sai masu harbi a jerin sahu huɗun nan su zama 15. To amma dogon sahu siriri ba ya jure gaba da gaba, domin doka tana ƙara wa runduna maki ne bisa yawan sahunta na baya. Ni dai na fi son a shimfiɗa su, a kuma tsayar da dakaru a gefensu, saboda ba don sara da suka aka kawo su ba.

Runduna ba ta harbin abin da ba ta gani, kuma gabanta kawai take gani, kusurwar digiri 90. Za ka ga ɗan wasa ya sunkuya, kuncinsa kusan a kan teburi, ya kanne ido ɗaya yana leƙawa ta kafaɗar mutum-mutuminsa don ya tabbatar. Idan wata runduna, ko da taka ce, ta kare akasarin abokan gaba, an rage 2 daga abin da ƙwayarka ta nuna. Shi ya sa tudu ke da daraja. Kuma da zarar dakarunka sun cakuɗe da nasu, an hana harbi cikin wannan turmutsitsin, don haka kada ka sa maharba inda naka za su toshe musu hanya tun zagaye na biyu.

Idan aka kawo musu sukuwa, suna da damar tsayawa su saki kibau sau ɗaya, da ragin 1, muddin tazarar da ke tsakani ta fi lambar tafiyar masu kawo harin, wato yawan incin da doka ta ba su na tafiya. Tunda ana ajiye runduna ne bi da bi, kai ɗaya shi ɗaya, ka fara da waɗanda matsayinsu bai da muhimmanci, ka riƙe masu baka mai kunama har sai ka ga inda ya dasa mahayansa.