Shugaba bawa: abin da kalmar take nufi a bakin Kiristan Kano

Duk mai zuwa taron dattawan ekklesiya ko na matasa a Kano cikin 'yan shekarun nan ya sha jin wannan kalma: shugaba bawa. Wasu su ce shugaba mai hidima. Ana rubuta ta a jikin ƙyalle a rataya a ƙofar coci a Sabon Gari in za a yi bita, ana kuma jin ta a bakin mai wa'azi ranar da ake keɓe sabon fasto. Ta yi yawo a bakuna har ta fara sulɓi, kamar tsohon kwabon da hannu ya shafe rubutunsa. Wannan yana damuna, domin kalma ce mai nauyi, kuma a Hausa nauyinta ya fi na Turancin da ake yawan ɗauko ta daga ciki.

Shugaba bawa shi ne mutumin da aka sa a gaban jama'a, aka ba shi ikon yanke magana, amma ya riƙe ikon nan a matsayin kayan aikin yi wa jama'ar hidima, ya kuma san akwai Ubangijin da zai tambaye shi yadda ya yi da shi. Ma'anar ke nan a dunƙule.

Tushenta yana cikin Markus 10:35-45. Yaƙub da Yohanna, 'ya'yan Zabadi, suka zo wa Yesu da roƙo: in ya shiga ɗaukakarsa, ɗaya ya zauna a damansa, ɗaya a hagunsa. Kamun ƙafa ne irin wanda muka sani, kowa yana neman kujera tun kafin a rantsar da gwamnati. Sauran goman da suka ji suka yi fushi, kuma da wuya a ce fushin na tsoron Allah ne, sun dai ga an riga su ne. Sai Yesu ya tara su, ya ce sun san yadda masu mulkin al'ummai suke danne talakawansu, amma a tsakaninsu ba haka za a yi ba. Mai son girma ya zama mai yi wa sauran hidima, mai son zama na fari ya zama bawan kowa. Ya rufe da kansa: Ɗan Mutum bai zo don a yi masa hidima ba, ya zo ne ya yi hidima, ya kuma ba da ransa fansa saboda mutane da yawa.

A harshen Girkanci da aka rubuta Sabon Alkawari, kalmomi biyu ne a wannan wuri. Ta farko diyakonos, wato mai kai abinci gaban masu ci, ɗan aike, mai hidima. Daga ita aka samo sunan muƙamin dikin da muke da shi a coci. Ta biyu dulos, ita kuwa ba ta da wata fassara mai laushi, bawa ne kawai, wanda ba shi ya mallaki kansa ba. Yesu ya fara da mai sauƙin, ya ƙare da mai nauyin.

Bai tsaya a magana ba. Yohanna sura 13 ta ce a daren da za a bashe shi ya tashi daga cin abinci, ya tuɓe mayafinsa, ya yi ɗamara da tawul, ya zuba ruwa a daro, ya shiga wanke ƙafafun almajiransa. Mu a Kano ba ma bukatar dogon bayani kan wannan. Ka dubi ƙafar wanda ya tako daga Kurmi zuwa Fagge da silifas a tsakiyar hunturu: ƙura ta yi mata fari, dunduniya ta yi faso, ga ruwan kwata da ya fallatsa. Irin wannan ƙafar ce Malamin ya durƙusa ya riƙe da hannunsa, guda ashirin da huɗu, har da na Yahuza wanda ya san zai sayar da shi. Shi ya sa Bitrus ya ce faufau, ba za a wanke masa ba. Bitrus ya fahimci abin da yake gani, tsarin girma da ƙanƙanta da ya tashi a ciki ne ake kifarwa a gabansa. Har yau Katolika suna maimaita wannan wanki ranar Alhamis ta kafin Ista, a babban cocinsu na Fatima a nan Kano da ko'ina a duniya. A 2013 Fafaroma Francis ya yi nasa a gidan yarin yara a Roma, cikin waɗanda ya wanke wa ƙafa akwai 'yan mata, akwai kuma Musulmi.

Yadda kalmar ta shiga bakin 'yan boko kuwa labari ne na baya-bayan nan. Wani Ba'amurke mai suna Robert Greenleaf, wanda ya yi kusan shekara arba'in yana aiki a kamfanin tarho na AT&T, shi ya rubuta wata maƙala a 1970 da ta yaɗa wannan suna a fagen koyar da shugabanci. Ma'aunin da ya kawo yana da kyau: a duba waɗanda ake shugabanta, shin suna girma, suna ƙara hankali da cin gashin kai, har su ma su soma yi wa wasu hidima? Daga nan kamfanoni da jami'o'i suka ɗauka, daga baya ta dawo wa ekklesiya cikin littattafan bita. Ban ƙi wannan ba. Abin da nake tsoro shi ne idan ta dawo mana a matsayin dabarar sa ma'aikata su ƙara ƙwazo, an bar gicciyen a baya, alhali a Markus hidimar ta ƙare ne da ba da rai.

Yanzu ga inda Hausa take da abin faɗa. Kalmar bawa ba ta da daɗin ji a garin nan, domin bauta ba tatsuniya ba ce a wurinmu. An sayar da mutane a kasuwa, an noma gandaye da su, kuma sai a 1936 aka soke bauta gaba ɗaya a dokar Arewacin Nijeriya. Akwai gidajen da har yanzu ake raɗa asalinsu in maganar aure ta taso. Saboda haka wasu masu wa'azi suke kauce wa kalmar, su ce mai hidima. Na fahimce su, amma ina ganin an yi asara. Tarihin Kano kansa ya san wani irin bawa da zai taimake mu. A fadar sarki akwai sarautun bayi, irin su Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama. Mutane ne masu faɗa a ji, hakimai ma suna shakkar su, ta hannunsu ake isa ga sarki. Amma duk ikon da ke hannunsu na aro ne, na mai gidan ne, kuma sun san haka. To fasto ko dattijo ko shugabar Zumuntar Mata haka yake a gaban Almasihu. Yana da iko na gaske, sai dai tumakin ba nasa ba ne, kuɗin baiko ba nasa ba ne, bagadin ma ba gadonsa ba ne. Abin da 1 Bitrus 5:2-3 yake gaya wa dattawa ke nan: su yi kiwon garken Allah da yardar rai, ba don ƙazamar riba ba, kada kuma su nuna wa waɗanda aka danƙa musu iko, su zama abin koyi.

Muna kiran fastocinmu bawan Allah, kuma daidai ne. Sai dai zama bawan Allah a baki yana da sauƙi, tunda ba wanda yake ganin Allah yana aiken ka. Yesu ya ce bawan kowa, kuma kowa ɗin nan ya haɗa da gwauruwar da ba ta da abin sakawa a baiko, da saurayin da ya yi maka rashin kunya a taron majalisa. Hausawa sun riga sun faɗi rabin wannan da suka ce babba juji ne. Maƙwabtanmu Musulmi ma suna da zancen da suke yawan kawowa, cewa shugaban jama'a shi ne mai yi musu hidima. Don haka in Kirista ya yi wannan magana a Kano, ba baƙon yare yake yi ba.

Ba a raba wannan kalma da 'yar'uwarta, almajiranci. Masu fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, wanda ya fito cikakke a 1932, sun zaɓi kalmar almajiri ga mabiyan Yesu, kuma zaɓin ya dace ƙwarai. Asalinta Larabci ne, almuhajir, wanda ya bar gida. Bakano ya san almajiri ba ɗalibin da ke zuwa aji ya koma gida ba ne. Yana kwana inda malaminsa yake, yana ɗebo masa ruwa, yana kallon yadda yake cin abinci da yadda yake amsa wa baƙo, har tafiyarsa ta soma kama da ta malam. A Sabon Alkawari kalmar almajiri ta fito fiye da sau 250, kalmar Kirista kuwa sau 3 kacal. Shugaba bawa almajiri ne da aka ba shi riƙon wasu almajirai, bai sauke karatu ba, ba kuma zai sauke ba. Ranar da ya ga ya wuce a yi masa gyara, ranar ya fita daga ma'anar kalmar. Bitrus da kansa, Bulus ya tsawata masa a gaban jama'a a Antakiya, kamar yadda Galatiyawa sura 2 ta nuna.

Luka 9:23 ya ce mai bin Yesu ya ɗauki gicciyensa kowace rana. Kowace rana ɗin nan ita ce ake nufi da almajirancin yau da kullum, kuma yawancinta ba a coci take faruwa ba. Tana faruwa a kasuwar Sabon Gari, inda mai awo yake da zaɓin ya bubbuge gindin mudunsa ko ya bar shi yadda yake, ga kuwa Karin Magana 11:1 tana cewa ma'aunin algus abin ƙyama ne ga Ubangiji. Tana faruwa a shagon kayan gyaran mota, wajen yaron da ya yi wa ubangidansa shekaru yana jiran a sallame shi da jari. Tana faruwa a gida, wajen yarinyar da aka ɗauko daga ƙauye don aiki: tana zuwa makaranta kamar 'ya'yan gidan, ko ita ce mai tashi da asuba ta kwanta ƙarshe? Dattijon da yake raba Jibin Ubangiji ranar Lahadi amma ya riƙe albashin mai gadinsa wata biyu, wasiƙar Yaƙub 5:4 ta riga ta yi magana a kansa.

Akwai kuskure biyu da nake yawan gani. Na farko, a ɗauka shugaba bawa shi ne wanda ba ya iya cewa a'a, kowa ya juya shi. Yesun da ya wanke ƙafa shi ne ya kori 'yan canji daga Haikali. A Ayyukan Manzanni sura 6, da aka yi gunaguni cewa ana tsallake gwaurayen Yahudawa masu jin Girkanci wajen rabon abinci, manzanni ba su ce a yi haƙuri a yi addu'a kawai ba. Sun sa jama'a ta zaɓi mutum bakwai, cikinsu har da Istifanas, aka danƙa musu aikin, kuma sunayen bakwai ɗin duka na Girkanci ne. Ekklesiyar Kano, inda Bahaushe daga Sumaila ko Rogo yake zama benci ɗaya da mutumin Kudancin Kaduna da na Filato da na Adamawa, tana bukatar shugabannin da za su ji koken ƙabilar da ba tasu ba, su kuma saki wani abu daga hannunsu.

Kuskure na biyu ya fi ciwo, shi ne a juya koyarwar ta koma kan na ƙasa. Na taɓa zama a wata ekklesiya inda ake yi mana wa'azin hidima kusan kowane wata, amma hidimar kullum daga benci take hawa zuwa bagadi. Mata su yi girki, matasa su wanke mota, a yi karo-karon bikin cika shekara, in kuwa wani ya tambayi lissafin kuɗin gini sai a ce ba shi da ruhun biyayya. Na bar wurin da baƙin ciki, har yau kuma ina yi musu addu'a. Yesu ya faɗi maganar nan ne ga masu neman kujera, su ne ya kamata ta fara kamawa.

Garin nan ya ga irin na gaskiyar. Asibitin ido na ekklesiyar ECWA, wanda mishan ɗin SIM (Sudan Interior Mission) ya buɗe a 1943, ya yi shekara fiye da tamanin yana duba idon duk wanda ya zo, kuma mafi yawansu ba Kirista ba ne. Haka waɗanda suka yi jinyar kutare a Yadakunya a lokacin da dangi ma suke gudun mai cutar.

Ni dai inda na fara gane kalmar, a wata ƙaramar coci ce a Brigade. Akwai wani dattijo, tsohon ma'aikacin gwamnati, shi ne shugaban majalisar dattawa. Wata Asabar da yamma na je ɗaukar littafin waƙoƙi da na manta, sai na tarar da shi ya naɗe ƙafar wando, yana kwashe kwatar da ta toshe a bayan ban-ɗakin coci, ga shebur ga tsohon bokiti. Na ruga na ce, "Baba, kawo in karɓa." Ya ce, "A'a ɗana, ɗauko wancan bokitin ka riƙa zubarwa, mu gama kafin duhu." Muka yi ta yi har aka kira magariba a masallacin da ke bayanmu. Washegari na gan shi cikin babbar riga yana jagorantar taron majalisa, ya ƙi amincewa da wani kashe kuɗi da fasto ya kawo, cikin ladabi, ya ce sai an fara biyan kuɗin makarantar marayu uku da ekklesiya ta ɗauki nauyinsu. Aka yi ta ja, bai ɗaga murya ba, bai kuma janye ba, har aka rubuta a littafin taro cewa za a biya ranar Litinin.