Matsalolin imel da kalanda a Linux: tambayoyi da amsoshi

KMail, manhajar imel ta KDE, ya buɗe amma ya tsaya cak, saƙonni ba sa fitowa. Me ke faruwa?

Galibi ba KMail ɗin ne ya lalace ba. Tun fitowar KMail 2 a 2011, akwai wata manhaja mai suna Akonadi da ke aiki a bayan fage. Ita ce ke magana da sabar imel, ta adana bayanan saƙonni da kalanda da adireshi a rumbun bayanai, yawanci MariaDB ko MySQL. Idan kwamfuta ta mutu ba zato ko faifai ya cika, rumbun kan saɓa da abin da ke sabar, sai KMail ya yi ta jira. Rufe KMail, ka buga `akonadictl restart`. In bai gyaru ba, sai `akonadictl fsck`, wanda ke bincika rumbun ya gyara abin da ya iya. Shi `akonadictl vacuum` rage girman rumbun yake yi.

Wasu na cewa a goge `~/.local/share/akonadi` kawai. Hakan lafiya ne?

Nan ne mutane da yawa ke yin da-na-sani. Idan asusunka IMAP ne, wato tsarin da ke barin wasiƙu a sabar, asalin wasiƙun suna can, za su sake saukowa. Amma duk abin da bai riga ya isa sabar ba, kamar saƙon da ke jiran aikawa, yana iya tafiya ke nan. Ga kuma wata: matatun (filters) da ke rarraba maka saƙonni da lamba suke gane folda, kuma sabon rumbu sabbin lambobi yake bayarwa. Sai ka tarar wasiƙun aiki suna faɗawa foldar da ba tasu ba. Mai POP3, tsarin da ke sauke wasiƙu zuwa kwamfuta, ya fi kowa buƙatar hattara, don sau da yawa kwafin da ke kwamfutarsa shi kaɗai ne ya rage.

Saboda haka a tsayar da Akonadi da `akonadictl stop`, a kwafi `~/.local/share/akonadi` da `~/.config/akonadi` da `~/.local/share/local-mail` zuwa wani wuri. Maimakon gogewa, canza wa foldar `~/.local/share/akonadi` suna ya isa. Bayan an tayar da ita, a bi matatun ɗaya bayan ɗaya kafin a karɓi sabon saƙo.

Kalmar sirrina daidai take, amma Gmail ya ƙi karɓa.

Tun 30 ga Mayu 2022 Google ya daina barin manhajoji su shiga asusun mutum da kalmar sirri zalla. A saitin asusun, zaɓi OAuth2, wato shiga ta shafin Google da kansa, a matsayin hanyar tantancewa, a ɓangaren karɓa (IMAP, 993) da na aikawa (SMTP, 465 ko 587). Da yawa kan gyara na farko su manta na biyu, sai saƙo ya riƙa shigowa amma ba ya fita.

Me ya sa ake tambayata kalmar sirri kullum?

Evolution, manhajar imel ta GNOME, a ma'ajiyar kalmomin sirri ta GNOME Keyring yake ajiye ta, KMail kuma a KWallet. Idan ka saita kwamfuta ta shiga da kanta ba tare da kalmar sirri ba, wannan ma'ajiyar ba ta buɗewa. Haka ma idan ka canza kalmar shigarka ka bar ta ma'ajiyar a baya. Daidaita su biyun.

Na goge dubban saƙonni a Thunderbird, faifai bai samu sarari ba.

A mbox, tsarin da Thunderbird ya saba ajiye wasiƙu da shi, duk saƙonnin folda a fayil guda suke. Gogewa alama kawai take sawa, sai ka danna Compact Folders ake cire su da gaske. A Gmail kuma foldar All Mail tana ɗauke da kwafin kusan komai, don haka kowace wasiƙa sau biyu take sauka. Cire ta daga jerin waɗanda ake saukewa. Idan jerin saƙonni ne ya hargitse, matsalar tana fayil ɗin `.msf` da ke riƙe da jerin, kuma Repair Folder yana sake gina shi.

Imel yana aiki, kalanda da adireshi fa?

IMAP wasiƙa kawai ya sani. Kalanda sai CalDAV, adireshi sai CardDAV, kowanne da nasa saitin. Ga mai asusun Microsoft Exchange na ofis, Evolution da ƙarin `evolution-ews` shi ne ya daɗe yana haɗa ukun a wuri guda.

Na sabunta Ubuntu, Thunderbird ya buɗe fayau kamar sabo.

Da wuya a ce wasiƙun sun ɓata. Daga Ubuntu 24.04 Thunderbird a Snap, wani tsarin girka manhajoji na Ubuntu, yake zuwa, yana duba `~/snap/thunderbird/common/.thunderbird`, alhali tsoffin bayananka suna `~/.thunderbird`. Rufe manhajar, ka kwafi abin da ke tsohuwar foldar zuwa sabuwar har da fayil ɗin `profiles.ini`, sannan ka sake buɗewa.