Jan wayar sadarwa cikin bangon gida

Jan wayar sadarwa cikin bangon gida shi ne aikin shimfiɗa kebul na Ethernet daga wurin da intanet ke shigowa gida zuwa sauran ɗakuna, a ɓoye shi cikin bango ko saman silin, domin kwamfuta, talabijin, kyamarar tsaro ko na'urar Wi-Fi su samu haɗi ta soket ɗin bango maimakon dogaro da iska kaɗai. Bangon siminti, musamman mai rodi a ciki, yana raunana siginar Wi-Fi ƙwarai, alhali saurin waya ba ya canzawa saboda kaurin bango. Wutar da ke bin wannan kebul ba ta kai ta gida ƙarfi ko kusa ba, shi ya sa masu gida da yawa suke yin aikin da hannunsu. Haɗarin yana ga abin da ke binne cikin bangon tun asali, wato wayoyin wuta da bututun ruwa.

Kebul ɗin da irinsa

An ƙirƙiro Ethernet a 1973 a cibiyar binciken kamfanin Xerox da ke Palo Alto a Amurka, a hannun Robert Metcalfe da David Boggs. Da farko kebul guda mai kauri ake shimfiɗawa, kwamfutoci su rataya a jikinsa. A 1990 aka fitar da ƙa'idar 10BASE-T, wadda ta ba da damar amfani da murɗaɗɗiyar waya irin ta tarho a saurin megabit 10 a daƙiƙa (megabit ma'aunin yawan bayanai ne, dubunsa kuma shi ne gigabit). Saurin ya kai megabit 100 a 1995, gigabit 1 a 1999, sannan gigabit 10 a 2006.

A cikin kebul akwai siraran wayoyi takwas na jan ƙarfe, an murɗa su biyu-biyu, da launuka huɗu: ruwan lemo, kore, shuɗi da ruwan ƙasa, kowanne da abokinsa fari mai ratsin launin. Murɗin ba ado ba ne. Hayaniyar lantarki da ta zo daga waje tana shafar wayoyin biyu kusan daidai wa daida, na'urar da ke karɓa kuma bambancin da ke tsakaninsu take karantawa, sai hayaniyar ta soke kanta. Dabara ce da Alexander Graham Bell ya yi wa rajista tun 1881 domin layukan tarho. Kusan duk ƙa'idojin jan kebul da haɗa shi an kafa su ne don kada wannan murɗin ya lalace.

Nau'o'in da ake sa wa gidaje uku ne. Cat5e yana ɗaukar gigabit 1 har tsawon mita 100. Cat6 yana yin haka shi ma, kuma yana iya ɗaukar gigabit 10 idan tsawon bai wuce kimanin mita 55 ba, yayin da Cat6A ke kai gigabit 10 har mita 100, sai dai ya fi kauri da wuyar lanƙwasawa. Ga gida na yau da kullum Cat6 ya wadatar. Abin da ya fi lambar muhimmanci shi ne ƙarfen da ke ciki, domin kasuwa cike take da kebul mai araha da aka yi da alminiyom aka shafa masa jan ƙarfe a sama. Irin wannan bai cika ƙa'ida ba, yana saurin karyewa, kuma yana ɗaukar zafi idan aka tura wuta ta cikinsa zuwa kyamara ko na'urar Wi-Fi, tsarin da ake kira PoE. Ana gane shi ta hanyar kankare silin waya ɗaya da wuƙa: idan fari ya bayyana a ƙarƙashi, alminiyom ne. Haka nan kebul na cikin bango ya zama mai sili guda a kowace waya. Mai zare-zare da yawa na gajerun igiyoyi ne da ake jonawa daga soket zuwa kwamfuta.

Tsara hanya

Kowane soket yana da nasa kebul da ke komawa kai tsaye zuwa wuri guda, inda rauta, wato na'urar da ke raba intanet ga gida, da na'urar rarraba layuka suke. Ba a jona ɗaki da ɗaki kamar yadda ake yi wa wayarin ɗin wuta, ba a kuma ƙulla guntaye biyu a naɗe da salatif. Iyakar tsawo mita 100 ce, kuma ƙa'ida ta raba ta: mita 90 a cikin gini, mita 10 ga igiyoyin jonawa na ɓangarorin biyu. An ƙididdige wannan ne a zafin digiri 20, kuma tsawon da kebul ke iya ɗauka yana raguwa idan zafi ya ƙaru, abin da ya kamata a tuna a gidan da waya za ta bi ƙarƙashin rufin kwano a watan Afrilu. Masu aikin sukan ja kebul biyu zuwa kowane wuri ko da ɗaya ake buƙata, tunda kuɗin waya bai kai wahalar sake fasa bango ba.

Irin bango

Yawancin bayanan da ake samu kan wannan aiki sun dace ne da gidajen Amurka, inda bango allo ne da aka buga a kan katakai masu tazarar inci 16, cikinsa kuma fanko. A can mutum yakan yanke ƙaramar taga a allon, ya hau saman silin ya huda katakon da ke kan bangon, ya zuro kebul da wata doguwar waya mai tauri har ya fito ta tagar. Babban cikas shi ne guntayen katako da ake giciyawa tsakanin ginshiƙai don rage yaɗuwar gobara.

A ƙasashen da ake gini da bulo, kamar Najeriya da Nijar da Gana, lamarin daban yake. Ramukan bulo mai inci 6 ko 9 ba sa zama hanya miƙaƙƙiya, saboda simintin da ake ɗora bulo da shi da kuma kankaren da ke saman ƙofofi da tagogi suna toshe su. Hanya mafi kyau ita ce a binne bututun roba mai faɗin milimita 20 ko 25 tun ana gini, kafin a yi filasta, a bar igiya a ciki domin jan waya daga baya. A gidan da aka riga aka gama, sai an sassaƙa rami a bango, a sa bututun, a mayar da filasta da fenti. Dokar gini ta Ingila ta hana zurfin ramin tsaye ya wuce kashi ɗaya cikin uku na kaurin bango, na kwance kuma kashi ɗaya cikin shida, kuma ma'auni ne mai amfani ko'ina. Ba a sassaƙa ginshiƙi ko kankare mai rodi. Kafin a soma a kashe wutar gida daga babban makunni, a kuma guji layin da ke sama ko ƙasa da soket da makunnin fitila, domin nan wayoyin wuta suka fi bi.

Bai dace a binne kebul tsirara a cikin filasta ba, domin ranar da ya lalace ko ya tsufa sai an sake fasa bangon. A cikin bututu kuwa zare shi kawai za a yi a zura sabo. Bututun yana kuma kare shi daga ɓeraye a saman silin. Kada a cika shi fiye da kashi 40 cikin ɗari, kuma kada a haɗa kebul na sadarwa da wayar wuta a bututu ɗaya. Inda dole su haɗu, su gitta juna a giciye, kada su jeru. Tsofaffin gidaje masu silin na asbestos suna buƙatar ƙarin kula, domin ƙurar da ke tashi idan an huda shi tana cutar da huhu. Ɗan haya, ko mai gidan ƙasa wanda bangonsa ba zai jure sassaƙa ba, yakan yi amfani da kwalbatin roba mai murfi da ake maƙalawa a fuskar bango. Bai kai binnewa kyan gani ba, amma aikinsa ɗaya.

Ja, haɗawa da gwaji

Ana jan kebul a hankali, da ƙarfin da bai wuce kimanin kilo 11 ba, mutum ɗaya yana ja wani yana warwarewa daga kwali don kada ya ƙulle. Ba a karya shi a kwana. Idan za a lanƙwasa shi, a yi lanƙwasar kamar gefen da'ira, kuma rabin faɗin da'irar kada ya gaza ninki huɗu na kaurin kebul ɗin. Ba a kuma matse shi da ƙusa ko maɗauri har fatarsa ta lotsa.

A bakin soket ana jera wayoyi takwas bisa ɗaya daga cikin tsare-tsare biyu, T568A ko T568B, waɗanda bambancinsu musayar kore da ruwan lemo ne kawai. Dukansu daidai ne muddin an bi iri ɗaya a ƙarshen biyu, kuma launukan suna buge a jikin soket. Ana danna kowace waya cikin tsagarta da ɗan ƙarfen dannawa da ke yanke rarar, ba tare da an feɗe ta ba, kuma kada a warware murɗin fiye da milimita 13. Yawancin matsaloli daga nan suke tasowa. Gigabit yana amfani da dukkan wayoyi takwas, megabit 100 kuwa huɗu kawai, don haka idan ɗaya daga cikin sauran huɗun ba ta kama ba layin yakan ci gaba da aiki amma ya sauka zuwa megabit 100, mai gida ya yi ta zargin kamfanin intanet. Ƙaramar na'urar gwaji mai fitilu takwas tana nuna wayar da ta yanke ko ta sauya wuri, kuma ana gwadawa kafin a rufe ramin, a rubuta wa kowane kebul lambar ɗakinsa a ƙarshen biyu.

A babban gida mai sassa daban-daban, inda layi zai ratsa tsakar gida, kebul na cikin ɗaki ba ya jure rana da ruwa, kuma jan ƙarfe yana iya ɗauko ƙarfin tsawa da damina ya ƙona na'urorin ɓangarorin biyu. A nan ana amfani da kebul na waje a cikin bututu a ƙarƙashin ƙasa, ko kuma, wanda ya fi aminci, kebul na zaren gilashi da ke aika saƙo da haske, tunda wuta ba ta bin sa.