Kallon halittun lambun gida

Kallon halittun lambun gida shi ne bibiyar tsuntsaye, ƙwari da ƙananan dabbobin da ke zuwa harabar gida ko lambunsa, ba tare da an shiga daji ba. Ya ƙara samun karɓuwa tun da aiki daga gida ta intanet ya yaɗu, domin mai wuni wuri ɗaya yana ganin abin da kan wuce wanda ya fita da sassafe bai dawo ba sai magariba.

Tarihi

Ana yawan danganta mafarin wannan al'ada da Gilbert White (1720–1793), malamin coci a ƙauyen Selborne da ke kudancin Ingila. Shekara da shekaru yana rubuta ranar da tsattsewa ta iso da ranar da fure ya buɗe a lambunsa. A zamanin da masana kan harbe tsuntsu kafin su yi nazarinsa, shi da kunne ya bambance wasu tsuntsaye uku masu kama da juna, kowanne da irin kukansa. Ko tana bai raina ba, ya nuna irin amfaninta ga ƙasar noma. An buga wasiƙunsa a 1789.

Ana jin cewa wajen ƙarshen ƙarni na 19 ne zuba wa tsuntsaye hatsi lokacin hunturu ya zama ruwan dare a Ingila. A 1900 Frank Chapman, masanin tsuntsaye na Amurka, ya ba da shawarar a riƙa ƙirga tsuntsaye ranar Kirsimeti maimakon gasar harbinsu, mutum 27 suka amsa kiran farko. Ƙungiyar kare tsuntsaye ta Birtaniya, RSPB, ta soma ƙidayar tsuntsayen lambu a 1979, da farko don yara, kuma har yau sa'a ɗaya ake yi a ƙarshen Janairu. Irin wannan ƙidaya ta Amurka, wadda cibiyar nazarin tsuntsaye ta Jami'ar Cornell da ƙungiyar Audubon suka kafa a 1998, ta buɗe wa duk duniya ƙofa a 2013: kwana huɗu a Fabrairu, aƙalla minti 15.

Aikin da ya fi nuna darajar ƙaramin fili shi ne na Jennifer Owen, masaniyar halittu a Ingila. Daga 1972 ta shafe shekara 30 tana lissafa duk abin da ya tsiro ko ya gitta a lambunta da ke Leicester, ta samu nau'i 2,673 na tsirrai da dabbobi, galibinsu ƙwari. Lambun kuwa na gida ne kawai, irin na maƙwabtanta.

Lokacin aiki daga gida

Kullen korona na 2020 ya zaunar da miliyoyin ma'aikata kusa da taga. Da ƙarar motoci ta ragu a San Francisco, masu bincike sun gano cewa wani nau'in gwara ya sassauta murya, amma kukansa ya fi isa nesa.

Tun 1984 wani mai bincike, Roger Ulrich, ya nuna cewa marasa lafiyar da aka yi wa tiyata a wani asibitin jihar Pennsylvania ta Amurka, waɗanda tagarsu ke kallon itatuwa, sun riga masu kallon bango samun sallama, kuma ba su sha maganin ciwo mai ƙarfi kamarsu ba. Kan irin wannan ake kafa hujjar cewa ɗan ɗaga ido daga kwamfuta zuwa ganye yana hutar da hankali.

Kasko marar zurfi ɗauke da ruwa mai tsabta yana jawo tsuntsaye zuwa lambu. Tsuntsu kan fara sauka a reshe, ya duba hagu da dama, sannan ya sauko ya tsoma baki ya ɗaga kai ya haɗiye. Tsirran asalin yanki sukan kira ƙudan zuma da malam-buɗe-littafi, lungun da aka bari da busasshen ganye kuma ya zama mafakar kwaɗi da bushiya. Maganin ƙwari yana korar duk waɗannan.

Illoli

Gilashin taga yana hallaka ɗaruruwan miliyoyin tsuntsaye duk shekara a Amurka kaɗai, don suna ganin hoton itace a jikinsa su ɗauka hanya ce. Mazubin hatsin da ba a wankewa yana yaɗa cuta, kamar wadda ta rage wani koren tsuntsu ƙwarai a Birtaniya tun wajen 2005.

Akwai saɓani kan ko ciyarwa na fifita wasu nau'ukan a kan wasu, da kuma kan barin kyanwa ta yi yawo a waje.