Ƙaurar tsuntsaye zuwa Afirka ta Yamma a ƙarshen kaka

Ƙaurar tsuntsaye zuwa Afirka ta Yamma tafiya ce da tsuntsayen da ke hayayyafa a Turai da yammacin Asiya suke yi kowace shekara. Sukan tsallake tekun Bahar Rum da hamadar Sahara, su zo cin rani a kudu. Na farko-farko suna isowa tun watan Agusta, amma ayarin ba ya cika sai tsakanin Oktoba da Nuwamba, wato ƙarshen kaka, lokacin da sanyi ke kankama a ƙasashen arewa, a ƙasar Hausa kuma ana ta kai amfanin gona gida. A wannan tsakanin ne kuma aka fi ganin baƙin tsuntsaye da suka ɓata hanya suka faɗa wuraren da ba a san su ba.

Yadda aka gano ƙaurar

Turawa sun daɗe suna ganin tsuntsayensu na ɓacewa da shigowar sanyi, ba tare da sanin inda suke zuwa ba. Masanin Girka Aristotle ya rubuta cewa wasu tsattsewa ɓuya suke yi a ramuka su kwanta har sanyi ya wuce, kuma wasu ƙananan tsuntsaye rikiɗa suke yi su koma wani iri. Har cikin ƙarni na 18 akwai masana a Turai da ke cewa tsattsewa nutsewa take yi cikin taɓon tafki ta shekare sanyi a can.

Hujja mai ƙarfi ta samu a watan Mayun 1822, lokacin da aka harbo wata farar shamuwa kusa da garin Klütz a arewacin Jamus. An same ta da mashi siriri mai tsawon kusan santimita 80 soke a wuyanta, ya shiga ta gefe ɗaya ya fita ta ɗaya, kuma aikin mashin na Afirka ne. Tsuntsuwar ta taso da shi tun daga inda aka jefe ta. Har yau tana ajiye a Jami'ar Rostock, an ɗame fatarta, mashin yana nan a wuyan.

A 1899 wani malamin makaranta ɗan Denmark, Hans Christian Mortensen, ya fara saka wa tsuntsaye zoben ƙarfen alminiyom a ƙafa, mai ɗauke da lamba da adireshi, domin duk wanda ya kama tsuntsun ya aiko da labari. Dabarar ta bazu da sauri, kuma a 1901 aka buɗe tashar binciken tsuntsaye ta Rossitten a gaɓar tekun Baltik. Yawancin abin da aka sani game da hanyoyin tsuntsaye a ƙarni na 20 daga waɗannan zobba ya fito, da yawansu kuma mafarauta da masunta ne a Afirka suka ciro su daga ƙafar abin da suka kama.

A Nijeriya aikin ya yi ƙarfi a shekarun 1960. An kafa ƙungiyar masu nazarin tsuntsaye ta ƙasar a wajajen 1964, an kuma riƙa kama tsuntsaye da raga ana aunawa ana saka musu zobe a Kano da Zariya da Malamfatori a bakin tafkin Cadi. A 1972 ƙiyasin masanin Ingila Reginald Moreau ya fito, inda ya ce tsuntsaye kusan biliyan 5 ke tasowa zuwa Afirka duk kaka. Wani ƙiyasi na 2009, wanda ya taƙaita ga ƙananan tsuntsayen da ke fitowa daga Turai, ya ce kimanin biliyan 2.1 ne.

Hanyoyi

Manyan tsuntsaye irin su farar shamuwa da shaho da gaggafa ba sa son doguwar tafiya a kan teku, domin iska mai zafi da ke tasowa daga ƙasa ce ke ɗaga su sama, su yi ta shawagi ba tare da kaɗa fiffike ba. Shi ya sa suke cunkushewa a mashigin Jibralta tsakanin Sifen da Maroko, da mashigin Bosforus a Turkiyya. Ƙananan tsuntsaye kuwa kai tsaye suke bi, galibi da dare. Faɗin Sahara ya kai kilomita 1,500 zuwa 2,000, don haka kafin su taso sukan ci su tara kitse, wasu har nauyinsu ya kusan ninkawa. Da yawa kan sauka da rana su laɓe a inuwar dutse ko ɗan tsiro, su tashi bayan faɗuwar rana.

Wani ɗan tsuntsu mai farin gindi, Oenanthe oenanthe a sunan kimiyya, nauyinsa bai wuce giram 25 ba, amma binciken da aka buga a 2012 ya nuna wanda ya taso daga tsibirin Baffin na Kanada ya ratsa tekun Atlantika ya iso Afirka ta Yamma.

Masauki a yankin Sahel

Abin da ya ɗaure wa Moreau kai shi ne lokacin isowar. Baƙin suna sauka a Sahel daidai lokacin da damina ta ɗauke, ciyawa na bushewa, hunturu na shirin busawa. Amsar tana cikin fadamu da itatuwa. Ruwan da ya sauka a tuddai tun Yuli da Agusta ba ya gama malalowa cikin fadamu sai kaka, sannan ya riƙa janyewa a hankali yana barin taɓo cike da ƙwari da iri. Itacen gawo kuma, wanda ke zubar da ganye da damina, a lokacin yake tohowa ya yi fure, ƙwari su taru a kansa, ƙananan tsuntsaye su samu abinci.

Manyan masaukai uku ne: bakin kogin Senegal, da fadamar kogin Neja a tsakiyar Mali, da yankin tafkin Cadi. A wannan na ƙarshen ne dausayin Haɗeja da Nguru yake, a jihohin Jigawa da Yobe, inda kogin Haɗeja da na Jama'are ke bazuwa tsakanin tsofaffin tuddan yashi kafin su zama kogin Yobe. An ƙirga ire-iren tsuntsaye fiye da 370 a wurin. A 1989 Yarima Philip na Ingila ya ziyarci mafakar tsuntsaye ta Dagona, wadda yanzu take cikin gandun ƙasa na Tafkin Cadi, kuma a 2000 tafkin Nguru da mashigar Marma suka zama wuri na farko a Nijeriya da ya shiga jerin yarjejeniyar Ramsar ta kare dausayoyi.

Baƙin da suka fi yawa a nan su ne wata ƙaramar agwagwar ruwa, Spatula querquedula, wadda namijinta ke da farin zane daga saman ido zuwa ƙeya, da agwagwa mai tsinin wutsiya, Anas acuta, da wani mai dogayen ƙafafu, Calidris pugnax. Shi wannan na ƙarshen garke-garke yake sauka a gonakin shinkafa bayan girbi yana tsintar abin da ya zube, kuma yawancin masu zuwa Afirka mata ne, domin mazan da dama ba sa nisa haka. Da sassafe akan ga baƙin a cakuɗe da 'yan gida, kirinjijiya da ɗinya da balbela da zalɓe, a ruwa ɗaya. Mai kallo daga nesa ba lallai ya bambance su ba.

Shamuwar da Hausawa suka sani, mai sheƙa a kan kuka da tsamiya a cikin gari, tata ƙaurar daban ce. Da damina take zuwa, tana kuma barin ƙasar Hausa zuwa gabashi da kudancin Afirka daidai lokacin da na Turai ke isowa.

Baƙin da suka ɓata hanya

Ƙarshen kaka ne lokacin ɓatan kai, saboda yawancin matafiyan ƙanana ne da aka ƙyanƙyashe a shekarar, tafiyarsu ta farko ke nan. Misalin da aka fi sani shi ne Phylloscopus inornatus, ɗan tsuntsu mai rawayar gira, nauyin kusan giram 6, wanda ke hayayyafa a Saberiya ya kamata kuma ya nufi kudu maso gabashin Asiya. Duk Oktoba ana ganin ɗaruruwansa a yammacin Turai, wasu har tsibiran Kanari. Masana ba su daidaita kan dalili ba. Wasu sun ce alƙiblarsa ce ta juye, wasu sun ce sabuwar hanya ce ke kafuwa. Daga yamma kuma guguwar Atlantika kan kwaso ƙananan tsuntsayen Amurka ta watso su a tsibiran Azores da Ireland da Ingila.

Tsibirai aka fi samun irin waɗannan rahotanni, domin gajiyayyen tsuntsu ba shi da wani wurin sauka. Wani mai nazarin tsuntsaye Bajamushe, Heinrich Gätke, ya shafe shekaru kusan 50 a ƙarni na 19 yana rubuta abin da ya sauka a tsibirin Helgoland, kusa da gaɓar Jamus. An buɗe tashar tsibirin Fair a arewacin Scotland a 1948, tsibiran Scilly da ke kudu maso yammacin Ingila kuma kan cika da masu kallon tsuntsaye duk Oktoba. Tun 1959 akwai kwamiti a Birtaniya da ke tantance kowane rahoto kafin a amince da shi. A da sai an harbo tsuntsu ake yarda, yanzu hoto ko naɗaɗɗen kuka ya wadatar.

A Afirka ta Yamma rahotannin kaɗan ne, yawancinsu daga gaɓar Senegal da Gambiya da Ghana. Ƙarancin masu dubawa yana cikin abin da ya jawo haka.

Raguwa da dalilanta

A bazarar 1969 masu ƙirga tsuntsaye a Birtaniya suka lura cewa wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro, Curruca communis, ya ragu da fiye da kashi biyu cikin uku a shekara ɗaya. Bincike ya danganta abin da ƙarancin ruwan sama a Sahel a 1968, mafarin farin da ya halaka dabbobi da amfanin gona a farkon shekarun 1970. Tafkin Cadi, mai faɗin kusan murabba'in kilomita 25,000 a 1963, ya koma ƙasa da 2,000 a tsakiyar shekarun 1980.

A Haɗeja da Nguru, madatsar ruwa ta Tiga, da aka kammala a wajajen 1974, da ta Challawa a 1992, sun sauya yawan ambaliya da lokacinta. Ciyawar kacalla ta toshe magudanai da dama, abin da ya cuci manoma da masunta da tsuntsayen gaba ɗaya. Akwai kuma farauta a gaɓar Bahar Rum da sauyin noma a Turai, wanda ya taɓa kurciyar Turai ƙwarai.

Da aka tabbatar da ɓullar murar tsuntsaye ta H5N1 a wata gonar kaji a jihar Kaduna a Fabrairun 2006, wasu sun ɗora laifin kan tsuntsaye masu ƙaura, wasu kan fataucin kaji. Ba a yanke magana ba.

Ƙirgar tsuntsayen ruwa ta duniya a watan Janairu ake yin ta, tun 1967. A Nijeriya cibiyar A. P. Leventis da ke Laminga kusa da Jos, ƙarƙashin Jami'ar Jos, tana horar da masu nazarin tsuntsaye tun farkon shekarun 2000.