Wai doka ta hana zagi a kamfen ne?

E ta hana, kuma ba yau ba. Mu nan Daura ai ba mu manta zaɓen 2015 ba. A watan Janairu gwamnan Ekiti na lokacin, Ayo Fayose, ya sayi shafin farko na jaridu ya jera hotunan Murtala da Abacha da Umaru 'Yar'aduwa, duk sun rasu kan mulki, sannan ya liƙa na Buhari da alamar tambaya, kai ka ce shi ke riƙe da ajalin mutane. AIT da NTA kuma suna ta haska shirin ɓata Buharin. Namu ma fa ba a bar su a baya ba, a Katsina aka jefi ayarin Jonathan, alhali tawadar yarjejeniyar zaman lafiyar da suka sa wa hannu a Abuja gaban Kofi Annan ko bushewa ba ta yi ba.

Lokacin dokar tana nan a sashe na 95 na Dokar Zaɓe ta 2010, da aka yi ta 2022, wadda Buharin da kansa ya sa wa hannu, sai ta koma sashe na 92. Abin da ta ce a taƙaice: ban da zagi, ƙazafi, habaici ko gugar zanar da za ta tunzura mutane ko ta taɓa addini, ƙabila ko yanki. Ban da kamfen a masallaci, coci, ofishin gwamnati da caji ofis. Ban da ajiye ƙauraye don razana abokin hamayya.

Amma ba ta hana suka ba fa. Ka ce ɗan takara ya yi alkawarin titi bai yi ba, ka kawo hujja, wannan siyasa ce. Shiga rigar asalinsa ko yi masa fatan mutuwa ne laifin.

Inda gizo ke saƙar shi ne hukunci. A dokar 2022, ɗan takara tarar da ba ta wuce naira miliyan 1 ba ko ɗaurin wata 12, jam'iyya miliyan 2 a karon farko. To wanda ya sayi fom ɗin takarar shugaban ƙasa na miliyan 100 a 2022, wannan ai kuɗin shayin yaransa ne. Shi ya sa salon 2015 bai mutu ba, sojojin baka kawai suka kwaso shi daga jarida da talabijin suka dawo da shi Facebook da guruf-guruf na WhatsApp, mai gidan nasu kuwa yana gefe da farar riga yana cewa shi bai aiki kowa ba.