Waiwaye: Rigar robar da ta sauya farautar elk da bindigar ɗurin baka a Amurka

Tun daga shekarar 2023 maharban yammacin Amurka ba su huta da gardama ba a kan bindigar ɗurin baka, wato irin wadda ake zuba wa albarushi ta baki, a ɗora harsashi, a danna da sanda, kamar dai adakar maharbanmu. Jihar New Mexico ta hana ɗora mata madubin hange. A 2024 jihar Utah ta bi sahu, ta ce sai dai madubin da ba ya kusanto da abu, alhali a 2016 ta halatta mai kusantowa. Masu goyon baya suna cewa bindigar ta wuce gona da iri, tunda ana ka da nama da ita daga yadi 300 har sama. Masu adawa kuma suna cewa dattijo mai raunin ido aka takura wa, kuma cire madubi zai ƙara yawan dabbobin da ake ji wa ciwo su tsere. Kowane ɓangare da hujjarsa. Sai dai duk wanda ya ɗauka madubi ne mafarin rikicin, to daga ƙarshe ya tsinci labarin. Madubi nuna maka abin da ke nesa kawai yake yi. Harsashi da albarushi su ke isa can, kuma su tun kusan shekara 40 da suka wuce suka sauya.

Naman da ake wannan ja-in-ja a kansa shi ne elk, wani ƙaton naman dawa mai ƙaho rassa-rassa, wanda namijinsa kan kai kilo 300 ko fiye, ya ɗan ɗara gwanki. Fatarsa da kauri, ƙashinsa da ƙarfi, kuma a duwatsu masu duhuwar itatuwa yake zaune, inda in ya gudu da rauni samunsa sai an sha wuya. Jihar Colorado kaɗai tana da fiye da 280,000.

Farkon labarin sananne ne. A ƙarni na 19 bindigogin da Jacob da Samuel Hawken suke ƙerawa a birnin St. Louis suka yi suna a hannun masu shiga duwatsun yamma. Harsashinsu curin dalma ne zagayayye da ake naɗewa a ɗan ƙyalle mai maiƙo. Bindigar zamani ta zo ta ture su, farautar kasuwa kuma ta kusa ƙarar da elk, har suka koma ƙasa da 100,000 a farkon ƙarni na 20. Dokar 1937 da ta ware harajin bindiga da harsashi don a kula da namun daji ta taimaka suka farfaɗo, yanzu suna wajen miliyan ɗaya. Masu sha'awar tsohuwar bindiga sun kafa ƙungiyarsu tun 1933, amma sai a shekarun 1970 abin ya bunƙasa, lokacin da kwaikwayon Hawken mai araha ya cika shaguna, jihohi kuma suka riƙa ware wa irin wannan bindiga kakar farauta tata ta daban.

Wannan kaka ba a banza aka ba da ita ba. A Colorado kwana tara ce a tsakiyar Satumba, daidai lokacin barbara, sa'ad da mazan elk suke kuka suna kiran mata, har maharbi yakan iya kwaikwayon kukan ya jawo su. Masu bindigar zamani sai sun jira Oktoba. An yarda a ba mai ɗurin baka wannan gata ne saboda an san iyakarsa: harbi ɗaya gare shi, hayaƙi zai rufe masa ido, in ruwa ya taɓa albarushi bindigar ta ƙi tashi, uwa-uba harsashinsa ba ya nisa. Curin dalma na bindiga mai lamba 54, wato mai faɗin baki ɗan fiye da rabin inci, nauyinsa giren 225 zuwa 230 ne a ma'aunin masu bindiga, wajen giram 15 ke nan, kuma kafin ya kai yadi 100 ya zubar da fiye da rabin ƙarfinsa. Dole maharbi ya yi sanɗa ya matso. To amma da aka zo rubuta doka, yadda ake ɗura bindigar aka fi kwatantawa. Nisan da take kaiwa kuwa ba a ga bukatar a rubuta ba, don a lokacin kowa ya ɗauka abu guda ne.

Mafi yawan masu ba da tarihin nan sukan tsaya a 1985, shekarar da Tony Knight, wani maƙerin bindiga a jihar Missouri, ya fito da wata bindigar ɗurin baka mai suna MK-85. A cikinta wutar tana shiga albarushi kai tsaye daga baya, maimakon ta zagayo ta gefe. Abin da wannan ƙira ta gyara shi ne ƙin tashi da kuma haɗarin tashi ba shiri, kuma gyara ne mai kyau. Amma ka zuba mata albarushin da da curin dalmar da, inda tsohuwar Hawken ta kai nan ita ma za ta tsaya. Abin da ya ƙara nisa wani ɗan ƙaramin abu ne da ya bayyana a tsakiyar shekarun 1980 ɗin, wanda ba kasafai ake ba shi ko sakin layi ɗaya ba.

Wata 'yar rigar roba ce, tsawonta bai fi gaɓar yatsa ba, gindinta kamar ƙoƙo, samanta a tsage gida huɗu. Ana zura ƙaramin harsashi a cikinta, mai lamba 44 ko 45, sai a tura su tare cikin bindiga mai lamba 50, wato mai faɗin baki rabin inci. Idan aka ja kunama, gindin robar ya buɗe ya toshe iska, jikinta ya kama tsagin da ke murɗe a cikin bututun, ta juya harsashin. Da sun fita daga baki sai fukafukan nan huɗu su buɗe, robar ta faɗi 'yan taku kaɗan a gaban maharbi, harsashin ya wuce shi kaɗai. Wanda ya je filin gwajin harbi zai gan su warwatse a ƙasa, baƙaƙe da koraye.

Kafin zuwan wannan riga, dole harsashi ya cika bakin bindiga kuma ya zama dalma mai laushi, in ba haka ba ba zai turu da sanda ba. Zaɓi biyu ne kacal: curi mara nisa, ko dogon harsashin dalma mai giren 385 zuwa 460, mai duka sosai amma mai saurin sunkuyawa ƙasa. Rigar roba ta raba faɗin bindiga da faɗin harsashi. Daga ranar kowane irin harsashi ya samu shiga, mai rufin jan ƙarfe ne ko mai tauri, siriri ko mai tsini. Sai maƙera suka bi harsashin da gyaran bututu. Curi yana son murɗi mai sanyi, juyi ɗaya a inci 66 ko kusa da haka. Bindigogin shekarun 1970 da yawa sun tsaya a tsakiya, juyi ɗaya a inci 48. Dogon siririn harsashi kuwa sai an juya shi da sauri yake tafiya a miƙe, don haka aka matse murɗin har juyi ɗaya a inci 28 ya zama ruwan dare. A waje bindigar tana nan ana ɗura ta ta baki yadda doka ta ce. A ciki ta zama wata aba dabam, kuma babu wanda ya karya doka ko ɗaya.

A nan ne elk ya fara shan wahala, kuma wannan ne ya fi damuna a duk labarin. Harsasan da aka fara sa wa rigar roba na ƙaramar bindigar hannu ne, masu giren 240 ko 250, da yawansu masu rami a baki. An ƙera su don su buɗe a gudun ƙafa 1,200 zuwa 1,400 a sakan ɗaya. Mafi yawan masu saye kuma maharban barewar gabas da tsakiyar ƙasar ne, musamman a jihohi irin su Iowa da Illinois da Ohio, inda a lokacin aka hana farautar barewa da doguwar bindigar zamani. A kan barewa mai kilo 80 harsashin ya yi aiki ba laifi. Sai mutum ya ɗauki wannan ɗuri ya nufi duwatsun yamma. Harsashin da ake korawa da gudun ƙafa 1,900 ko 2,000 ya haɗu da allon kafaɗar namijin elk a yadi 50, sai ya tarwatse tun bai isa huhu ba. Ba ramin fita, jini kaɗan ne a ƙasa, hayaƙi kuma ya hana a ga inda dabbar ta nufa. Kafin a sake ɗuri ta sha kwana cikin itatuwa. Irin wannan naman ba maharbi ke ci ba, a daji yake mutuwa bayan kwanaki.

Albarushi ma ya bi sawun harsashin. Baƙin albarushi na asali doka tana lissafa shi cikin abubuwan fashewa, don haka safararsa da ajiyarsa a shago suna da wuya. A 1975 Dan Pawlak ya fito da Pyrodex, madadin da shaguna za su iya ajiyewa, shi kansa kuma ya rasu a fashewar masana'antarsa a 1977. Pyrodex ya fi na asali rashin nauyi, saboda haka aka ce a riƙa auna shi da ma'aunin cika, kada a ɗora a sikeli. Mudun gero da mudun dusa cikarsu ɗaya, nauyinsu daban. Haka "giren 100" ya koma cikar ma'auni, ya daina nufin nauyi. A 1996 aka fara cura albarushin dunƙule-dunƙule, kowane giren 50, a jefa biyu ko uku a bututu ba awo. Uku sun ba da 150, kuma wannan lamba ta zauna a bakin mutane kamar ita ce cikar ƙarfi, ko da yake a gajeren bututu ba duka ke ƙonewa ba, sai naushin kafaɗa da ke sa mutum runtse ido kafin ya ja kunama. Triple Seven ya biyo baya a farkon shekarun 2000, ya fi baƙin albarushi zafi da wajen kashi 15 cikin ɗari. A 2008 Blackhorn 209 ya zo, mai ƙarancin datti, wanda cikar 100 nasa nauyin giren 70 ce, iyakarsa kuma cikar 120 a bindigogin yau da kullum. Wanda ya rikita cika da nauyi a nan, ya auna 120 a sikeli, ya zuba abin da zai iya fasa bindiga a fuskarsa. Kowane mataki cikin waɗannan ya ƙara gudu, kuma gudun bai yi amfani a nesa ba sai don harsashin da rigar roba ta buɗe wa ƙofa.

Darasin tarwatsewar harsashi an koye shi, amma a jikin dabbobi aka koya. An fito da harsasai na jan ƙarfe zalla, da waɗanda aka manne dalmarsu da rufinta don kada su rabu, sannan masu tsinin roba a baki. Gogaggun maharban elk yau sukan ce in da riga za ka yi, kada ka sauka ƙasa da giren 290 zuwa 300, kuma ka zaɓi mai riƙe jikinsa. In dalma ce zalla, ka nemi mai nauyi, ka bar albarushi a cikar 80 zuwa 100. Sukan gwada ɗuri daban-daban a takarda har su ga wanda bindigarsu ta fi so, su tsaya a kansa, su yi wa sandar ɗuri zane daidai bakin bututu, don a kowane lokaci su tabbatar harsashi ya zauna a kan albarushi ba sarari tsakani. Sarari a nan yana kumbura bututu, wani lokaci ya fasa shi. A California kuma tun 1 ga Yuli 2019 an hana farauta da dalma gaba ɗaya, saboda manyan ungulayen yankin suna mutuwa da gubarta idan suka ci mushe, don haka can harsashi marar dalma, irin na jan ƙarfe, shi ne kawai mafita.

Jihohin da suka kama abin daga tushe su ne waɗanda suka duba harsashin. Colorado ta hana rigar roba da dunƙulallen albarushi da madubi a kakar Satumba, ta kuma ce elk sai da lamba 50 in dogon harsashi ne, lamba 54 in curi ne. Montana, da ta buɗe kakar gargajiya ta kwana tara a Disamba tun 2021, dalma zalla ta yarda da ita da tsohon salon kunna wuta. Ni dai ina ganin wannan ya fi hana madubi kaɗai kusa da gaskiyar lamarin, domin wanda aka cire wa madubi aka bar masa ɗurin yadi 300, zuciyarsa za ta raya masa ya gwada, alhali idonsa ba ya ba shi.

Amma ko hanin rigar ma bai tsai da tafiyar ba, don abin da ta koya wa maƙera ya riga ya zauna. An ƙera harsashi mai cika bututu da ɗan zoben roba a gindi, wanda ke shiga da sauƙi kuma doka ba ta lissafa shi a riga ba. Daga wajen 2019 kuma bindigogi masu lamba 45 suka yawaita, murɗinsu juyi ɗaya a inci 22, suna harba dogon harsashi mai tsini da albarushin da ya wuce na bindigogin yau da kullum. Dokar New Mexico da ta Utah da ta Colorado sun yi magana a kan madubi, ko riga, ko faɗin baki, amma babu wadda ta taɓa batun murɗin da ke cikin bututu.